'Ya'yan Wardi da Shayinsu: Amfaninsu ga Lafiya da Iyakar Amfanin



Gabatarwa

Watakila wasunku su yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen shayi da magani. Dalilin kuwa shi ne, duk lokacin da baƙon abu ya shigo ƙasa ba tare da an bayyana shi cikin harshen mutanenta ba, to mai talla ne yake raɗa masa suna, shi ne kuma yake faɗin amfaninsa, jama'a su ɗauka yadda ya faɗa. A manyan kantunan biranenmu akwai wasu 'yan kwalaye masu hoton jajayen 'ya'yan itace, an rubuta Rosehip a jikinsu. Ana cewa shayin da ke ciki yana hana mura, yana saukar da hawan jini, yana zubar da ƙiba, yana warkar da ciwon gaɓoɓi, har ma yana mai da tsohuwa yarinya. Ma'aikaci yakan yanki wani abu daga albashinsa ya saya. Hasarar kuɗi kuwa ita ce ƙaramar hasara a nan. Babbar ita ce mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyin da likita ya ba shi, ya dogara ga kofin shayi.

Saboda haka zan yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku. Mene ne wannan abu? Me masana suka tabbatar game da amfaninsa? Mu kuma da muke nesa da inda yake tsirowa, yaya ya kamata mu ɗauke shi?

Sunan abin da siffarsa

Bahaushe ya san wardi tun da daɗewa, amma ta hanci ya san shi. Kalmar ta zo mana daga Larabci, ta hanyar fatake da alhazai masu kawo turare. Abin da ba mu saba gani ba shi ne itacen da kansa, balle abin da yake haifa. Wardi ƙaramin itace ne mai ƙaya, dangin tuffa. In furensa ya kaɗe, gindin furen yakan kumbura, ya yi kore, sannan ya nuna ya yi jawur a lokacin kakar ƙasashen sanyi, wato daga watan Satumba zuwa Nuwamba. Wannan kumburarren gindi shi ne nake kira ɗan wardi, jam'insa 'ya'yan wardi. Masu noman fure don sayarwa, kamar waɗanda ke Jos, sukan yanke furen tun yana sabo, shi ya sa ko wanda ya taɓa riƙe furen wardi a hannu da wuya ya taɓa ganin ɗansa.

Irin da aka fi amfani da 'ya'yansa shi ne na daji, wanda masana tsirrai suke kira Rosa canina, ma'ana wardin kare. Yana fitowa da kansa a shingayen gonaki da gefen hanyoyi a Turai, da yammacin Asiya, da duwatsun arewa maso yammacin Afirka. Wani marubucin Rumawa mai suna Pliny, wanda ya rayu a ƙarni na farko, ya rubuta cewa saiwarsa tana maganin cizon mahaukacin kare. Ba ta yi, amma wannan ya nuna mana cewa ɗora wa wardi abin da ya fi ƙarfinsa ba yau aka fara ba. Ɗan wannan iri ya ɗan fi magarya girma, dogo ne kaɗan kamar ƙaramin dabino. Akwai wani iri, Rosa rugosa, ɗan asalin Japan da Koriya da arewacin Sin, wanda ɗansa ya yi kama da ƙaramin tumatir. Akwai Rosa rubiginosa, wanda Turawa suka kai ƙasar Cile a Amurka ta Kudu, ya bazu a daji, har ƙasar ta zama cikin manyan masu sayar da 'ya'yan wardi a duniya. A tsaunukan Habasha ma akwai wardin daji da yara suke cin 'ya'yansa.

In ka fasa ɗan wardi za ka tarar da nama ja siriri mai tsami, cikinsa kuma ƙwayoyi masu tauri lulluɓe da wani gashi mai ƙaiƙayi, irin ƙaiƙayin gero. Yaran makaranta a Ingila sukan zuba wa juna shi a wuyan riga don tsokana. Wannan gashi dole ne a raba shi da abin da za a ci ko a sha, domin yana yi wa maƙogwaro da hanji abin da yake yi wa fata.

Mutanen da yake ƙasarsu abinci suka ɗauke shi tun kafin a yi zancen magani. A Suwidin ana dama wani kunu mai zaƙi da shi. A Turkiyya ana yin shayi da shi, ana kuma dafa shi da sukari a shafa a burodi. A Jamus shayinsa na cikin abin da ake ba yara a gida da makaranta.

Ciwon matuƙan jirgin ruwa

Ba za a fahimci darajar ɗan wardi ba sai an san ciwon da ya sa aka neme shi. A zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, matuƙa sukan yi wata da watanni a teku, ba abin da suke ci sai busasshen burodi da nama mai gishiri. Bayan wata biyu ko uku sai kasala ta kama su, dasashi ya kumbura yana zubar da jini, haƙora su yi girgiɗi, fata ta yi tabo-tabo, tsohon rauni da ya warke ya sake buɗewa, daga nan sai mutuwa. Turawa suna kiran wannan ciwo sikabi. A tafiyar da wani hafsan Ingila mai suna George Anson ya yi ta kewaya duniya daga 1740 zuwa 1744, fiye da rabin mutanensa sun mutu, akasarinsu da wannan ciwo.

A 1747 wani likitan sojan ruwa, James Lind, ya ɗauki majiyyata goma sha biyu a jirgi guda, ya kasa su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗanda aka ba lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kowace rana su ne suka farfaɗo cikin kwana shida. Duk da haka sai a 1795 rundunar ruwa ta Ingila ta fara raba ruwan lemon tsami ga matuƙanta. Abin da ke cikin lemon kuwa ba a gano shi ba sai ƙarni na ashirin. Wani masani ɗan ƙasar Hangare, Albert Szent-Györgyi, ya ware sinadarin a 1928, aka tabbatar a 1932 cewa shi ne mai hana sikabi, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1937. Wannan sinadari shi ne bitamin C.

Aikinsa a jiki ya kasu uku. Na farko, sai da shi jiki yake iya ƙera kolajin, wato zaren da yake ɗinke fata da dasashi da jijiyoyin jini da guringuntsi. In babu shi ɗinkin sai ya warware, abin da ya sami matuƙan nan ke nan. Na biyu, yana taimakon hanji wajen tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da gero da ganye, ƙarfen nan kuwa da shi ake yin jini. Na uku, yana cikin abubuwan da ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suke bukata. Akuya da kare da yawancin dabbobi suna ƙera nasu bitamin C a hanta. Ɗan Adam ba ya iyawa, kuma jikinsa ba ya ajiye mai yawa, don haka sai ya riƙa samu daga abinci a kai a kai.

Nawa ake bukata? Wani gwaji da aka yi a birnin Sheffield na Ingila daga 1944 zuwa 1946, a kan mutum ashirin da suka ba da kansu, ya nuna cewa miligiram 10 a rana ya isa ya hana sikabi. Don cikakkiyar lafiya kuwa, hukumomin Ingila sun tsayar da miligiram 40 a rana ga baligi, na Amurka kuma miligiram 90 ga namiji, 75 ga mace, da ƙarin 35 ga mai shan taba. Ina roƙon ku riƙe waɗannan alkaluma, domin za mu koma kansu.

Yadda yaƙi ya ɗaukaka ɗan wardi

Ingila ba ta noman lemo, daga waje take sayowa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta, jiragen Jamus masu tafiya ƙarƙashin teku suka riƙa nutsar da jiragen kaya, lemo ya yi wuya, hukuma ta shiga fargabar sikabi zai kama ƙananan yara. Sai masana suka auna 'ya'yan itatuwan da ke cikin ƙasar, suka tarar cewa ɗan wardin da ke zube a shingaye, wanda tsuntsaye kaɗai suke ci, ya ninka lemo sau da yawa wajen bitamin C. Sun kuma lura cewa na arewacin ƙasar, wajen Sikotlan, ya fi na kudu ƙarfi.

A 1941 Ma'aikatar Lafiya ta yi kira ga makarantu da ƙungiyoyin mata da 'yan sikawut su fita tsinka. A wannan kaka aka tara tan 200, aka dafa shi da sukari aka yi wani abu kamar maɗi, aka cika kwalabe wajen 600,000. Daga baya aka riƙa biyan yara taro, wato kwabo uku, a kan kowace laba. An ci gaba da wannan tsinka shekaru da dama bayan ƙarewar yaƙin, har maɗin wardi ya zama abin da kowace uwa ta sani.

Wannan labari gaskiya ne, kuma daga gare shi ne sunan ɗan wardi ya fita. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, ɗanyen ɗan wardi aka yi amfani da shi, aka kai shi masana'anta da sauri, ana auna bitamin ɗin da ke cikin kwalba. Na biyu, abin da ya yi shi ne cike gurbin lemo ga yaran da suka rasa lemo. Darasin da hukumar Ingila ta bayar shi ne, in na waje ya yanke, a dubi abin da ke bayan gida.

Me ke cikin kofin shayi?

Yanzu mu zo kan kwalin da ke kanti. Bisa awon Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, giram 100 na ɗanyen ɗan wardin daji yana ɗauke da miligiram 426 na bitamin C, alhali giram 100 na lemon zaƙi yana da 53. Wato ya ninka shi sau takwas. Adadin yakan bambanta ƙwarai gwargwadon iri da ƙasa da lokacin tsinka. Wannan ne alkalamin da masu talla suke nunawa.

Abin da ba su faɗa shi ne bitamin C sinadari ne marar juriya. Zafi yana lalata shi, iska tana lalata shi, haske da daɗewar ajiya suna lalata shi, haka ma haɗuwa da tagulla ko ƙarfe. Kafin ɗan wardi ya zama shayi sai an shanya shi, an niƙa shi, an ƙulla shi a 'yar jaka, ya yi watanni a jirgi da sito da kanti. A kowane zango yana rasa wani kashi. Saboda wannan dalili, da kuma rashin hujja a kan sauran abubuwan da ake faɗa, kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa don tantance magungunan tsirrai ya ƙi sa ɗan wardi cikin waɗanda ya amince da su a 1990, ko da yake Jamusawa suna cikin waɗanda suka fi kowa shan shayinsa.

Bari mu yi ɗan lissafi. 'Yar jakar shayi guda tana ɗauke da kamar giram biyu. Mu ƙaddara, don kyautata zato, cewa busasshen garin da ke ciki yana da miligiram 400 a kowane giram 100, kuma dukansa ya narke cikin ruwa. Abin da zai shiga kofi shi ne miligiram 8. Ga mutumin da ke bukatar 75 ko 90 a rana, wannan kamar kashi ɗaya ne cikin goma. Sau da yawa abin da ake samu bai ma kai haka ba.

Ɗan wardi yana da wasu abubuwa masu amfani ban da bitamin C. Jan launinsa ya fito ne daga sinadaran da ke cikin tumatir da karas, waɗanda jiki yake mai da wasunsu bitamin A. Sai dai waɗannan a mai suke narkewa, ruwan zafi ba ya fitar da su sosai, don haka suna zama cikin tuƙar da ake zubarwa. Haka nan dusar da ke gyara hanji, yawancinta a tuƙa take zama. Wanda ya ci kunun mutanen Suwidin ya fi wanda ya sha shayi samun amfanin ɗan wardi.

To, shayin ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, gwargwadonsa. Abin sha ne mai ɗumi mai ɗan tsami, yana ƙara wa jiki ruwa, yana sanyaya maƙogwaron mai mura. Ba shi da sinadarin da ke hana barci, wanda ke cikin kofi da baƙin shayi, saboda haka ana iya shansa da dare. Baƙin shayi in an sha shi tare da abinci yana rage ƙarfen da hanji zai tsotsa, abin da ya kamata mai ƙarancin jini ya kiyaye. Wanda ya maye gurbin lemon kwalba da shayin wardi marar sukari ya yi wa kansa alheri. Mai son haɗa shi sai ya zuba ƙaramin cokali ɗaya ko biyu na busasshen da aka farfasa, ya zuba ruwan da ya tafasa, ya rufe minti goma, ya tace da ƙyalle mai laushi saboda gashin nan. Kada a bar shi yana tafasa a kan wuta.

Mura, gaɓoɓi da hawan jini

Maganar cewa bitamin C yana hana mura ta bazu ne bayan 1970, lokacin da Linus Pauling, masanin kimiyya ɗan Amurka mai lambar Nobel biyu, ya wallafa littafi a kan haka. Girman sunansa ya sa duniya ta karɓa. Daga nan aka yi gwaje-gwaje masu yawa. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna su, ta duba guda 29 da suka ƙunshi mutum fiye da 11,000. Abin da aka samu shi ne, shan miligiram 200 ko fiye kowace rana bai rage yawan kamuwa da mura ga jama'a ba. Ya dai rage tsawon murar da kashi 8 cikin ɗari ga manya, 14 ga yara. Wato murar mako guda ta ragu da kamar rabin yini. Sai ga masu tsananin wahalar jiki, irin 'yan gudun dogon zango da sojojin da ke atisaye cikin ƙanƙara, aka ga kamuwar ta ragu da rabi. Fara sha bayan mura ta riga ta kama bai nuna wani tabbataccen amfani ba. Ku tuna kuma, miligiram 200 ake magana, kofin shayinmu kuwa 8 muka ba shi.

Inda ɗan wardi ya fi samun goyon baya shi ne ciwon gaɓoɓi na zaizayewar guringuntsi, wanda yake damun dattawa a gwiwa da ƙugu da yatsu. A 2008 wasu masana a ƙasar Danmak suka haɗa gwaji uku da aka yi a kan majiyyata 287. An ba wasu giram 5 na garin ɗan wardi kowace rana na kamar wata uku, wasu kuma aka ba su gari mai kama da shi wanda ba kome a cikinsa, ba tare da sun san wanda suka samu ba. Waɗanda suka sha na gaskiya sun fi samun sauƙin ciwo, sauƙi kaɗan zuwa matsakaici. Masanan da kansu sun ja hankali cewa gwaje-gwajen ƙanana ne, gajeru ne, kuma duk ukun kamfanin da ke sayar da garin ne ya ɗauki nauyinsu. Bugu da ƙari, gari ne aka haɗiya ɗungurungum, wanda aka busar a hankali ba da zafi mai yawa ba. Ba a yi gwajin da shayi ba, kuma rage zafin ciwo dabam ne da mayar da guringuntsin da ya zaizaye.

Game da hawan jini da ƙiba, gwajin da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Lund a Suwidin, wanda aka wallafa a 2012. Mutum 31 masu ƙiba suka sha giram 40 na garin kowace rana har mako shida. Bugun jininsu na sama ya sauka da kashi 3.4 cikin ɗari, kitsen jini da ake kira kolestarol ya sauka da kusan kashi 5. Nauyin jikinsu bai canja ba, haka ma yadda jikinsu yake sarrafa sukari. Giram 40 kuwa daidai yake da abin da ke cikin jakar shayi ashirin, kuma cinye shi aka yi. Mutumin da jininsa ya kai 170, in ya sauka da kashi 3.4, ya koma 164, har yanzu yana cikin haɗarin shanyewar jiki.

Sai man da ake tatsa daga ƙwayoyin, wanda mata suke shafawa. Yana laushin fata kamar sauran mayukan tsirrai. Amma bitamin C a ruwa yake narkewa, ba ya bin mai, don haka kada a sayi man don neman sa.

Abubuwan kiyayewa

Kofi ɗaya ko biyu na shayin wardi a rana ba ya cutar da mai lafiya. Inda ake bukatar hattara shi ne ƙwayoyin bitamin C masu ƙarfi da ake sayarwa da hoton ɗan wardi a jikin kwalba. Yawancin bitamin ɗin da ke cikinsu a masana'anta aka haɗa shi, aka barbaɗa ɗan garin wardi don suna. Wannan ba aibu ba ne ta fuskar aiki, domin sinadarin ɗaya ne, sai dai mai saye yana biyan kuɗin hoto. Abin da ya wuce bukatar jiki fitsari ne yake fitar da shi. Wuce miligiram 2,000 a rana yana kawo zawo da murɗar ciki, kuma yawan sha yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda ga mai saurin yin ta. Wanda ƙarfe ya taru a jikinsa, kamar mai sikila da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, kada ya sha irin waɗannan ƙwayoyi sai da izinin likitansa. Haka mace mai ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini. Maɗin nan na Ingila ma ya bar darasi: sukarin da ke cikinsa ya ɓata haƙoran yaran da aka riƙa ba su shi a abin tsotso. Sannan 'ya'yan wardin lambu da aka yi wa feshin maganin ƙwari ba na ci ba ne.

Mu da ke nan

Akwai wani abu da zai ba ku mamaki. Shayin ɗan wardi zalla launinsa fatsi-fatsi ne, kamar ruwan tsamiya. Jan nan mai kyau da ake gani a kofi, sau da yawa na zoɓo ne, domin masu haɗa shayin a Turai sukan gauraya biyun. In kun juya kwalin kuka karanta jerin abin da ke ciki, za ku sha ganin sunan zoɓo, wani lokaci ma shi ne a farko. Nijeriya da Sudan suna cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi, jihar Jigawa kuwa tana kan gaba wajen nomansa a nan. Ashe mai yiwuwa ne soɓorodon da aka loda a Maigatari ya je Jamus, a ƙulla shi a jaka, ya dawo mana da tsada. Har ma a wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2010, a kan mutum 65 masu ɗan hawan jini, waɗanda suka sha kofi uku na zoɓo a rana har mako shida, jininsu ya sauka da maki 7, na sauran ya sauka da maki ɗaya. Shi ma zoɓon ba ya ɗauke wa mutum maganin likita.

Game da bitamin C kuwa, ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Giram 100 na gwaba yana da miligiram 228, wato gwaba guda matsakaiciya ta biya bukatar yini guda. Jan tattasai ɗanye yana da 128. Garin 'ya'yan kuka, wanda ake damawa da nono, awo da dama ya nuna ya haura 200. Lemon zaƙi babba guda ya kusa isar baligi a rana. Yazawa da gwanda da mangwaro da ɗanyen ganyen zogale duk suna da rabonsu. Kada kuma tsami ya ruɗe mu: tsamiya ba ta kai miligiram 4 ba, ɗanyen zoɓo kuwa 12 ne. Abin da ya lalata bitamin ɗin a ɗan wardi shi yake lalata shi a tukunyarmu, wato doguwar dahuwa, da shanya a rana, da zuba kanwa. Kwaɗon ganye da aka matsa wa lemon tsami ya fi miyar da ta wuni a kan murhu.

Kammalawa

A taƙaice, ɗan wardi ɗanye yana cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi yawan bitamin C, kuma ya yi wa yaran Ingila rana a lokacin yaƙi. Garinsa yana iya rage zafin ciwon gaɓoɓi kaɗan. Shayinsa abin sha ne mai daɗi marar cutarwa, amma abin da yake kai wa jiki bai kai abin da gwaba guda take kaiwa ba. Wanda yake sonsa don ɗanɗano, kuma yana da hali, ya sha lafiya. Wanda yake da hawan jini ko ciwon sukari ya riƙe maganinsa, ya riƙa zuwa awo.

Ku ma'aikata, musamman na lafiya da ilimi da aikin gona, abin koyi daga 1941 shi ne yadda hukuma ta auna abin da ƙasarta take da shi, ta sanar da jama'a cikin harshen da suke ji, ta sa yaran makaranta cikin aikin. Ku kuma ɗalibai, duk lokacin da aka ce muku wani abu yana magani, ku yi tambaya huɗu: a kan mutum nawa aka gwada, nawa suka sha, har tsawon wane lokaci, kuma wa ya biya kuɗin gwajin?

Shugaban taro, nan zan tsaya domin a sami lokacin tambayoyi.